Kunne Ba Ya Rubuta Turanci: Jagorar Gyaran Kurakuran Rubutu

Hausar boko ta saba mana da gaskiya: abin da kunne ya ji, shi hannu zai rubuta. Ka ce makaranta, ka rubuta ma-ka-ran-ta, magana ta ƙare. Turanci bai san wannan amanar ba. Haruffa 26 gare shi, sautukansa kuwa sun kai kusan 44, kuma rubutun ya daskare tun kafin furucin ya gama canzawa. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, daidai lokacin da wasulan harshen suke tsakiyar sauya murya. Rubutu ya tsaya, baki ya ci gaba da tafiya. Harafin k na *knife* da *knee* da *know*, a da ana furta shi. Harafin b na *debt* kuwa masana ne suka cusa shi don a riƙa tuna asalin kalmar a Latin. Ga kuma tulin kalmomin Faransanci da suka shigo da nasu tsarin. Sunan jiharmu ma, *Plateau*, daga can yake, shi ya sa za ka gan shi *Platue* ko *Plateu* a jikin motocin haya.

Abin yana da tsada. A jarrabawar Turanci ta WAEC, insha'i maki 50 ne, kuma 10 daga ciki na tsabtar rubutu ne kawai, ana zare rabin maki kan kowane kuskure. Kurakurai 20 sun cinye goman nan ƙaf, komai daɗin labarin da ɗalibi ya bayar. A wajen neman aiki ma ba a gaya maka dalili, takardar kawai ake turawa gefe.

Mataki na farko: tattaro naka kurakuran

Kada ka fara da jerin nan na "kalmomi ɗari biyar da ake kuskurewa" da ake turowa a WhatsApp. Haddace shi ɗibar ruwa ne da kwando. Kowa da nasa raunin, kuma naka bai kai yawan da kake zato ba, maimaituwa yake yi.

Nemo abubuwan da ka rubuta da Turanci ba tare da kowa ya gyara maka ba: tsohuwar takardar jarrabawa, wasiƙa, dogon saƙon waya. Ka ba wanda ya fi ka, ka roƙe shi ya ja layi kawai a ƙarƙashin abin da ba daidai ba, kada ya rubuta gyaran. Kai za ka nemo shi a ƙamus. Na Oxford da na Cambridge da na Longman duk suna intanet kyauta, har da maɓallin jin furuci. Sai ka sami ƙaramin littafi, ka rubuta daidaitacciyar kalmar da manyan haruffa, da jimla guda taka a gefenta. Gurɓatacciyar kada ta shiga littafin, don ido ba ya bambance abin da aka nuna masa don ya guje shi da wanda aka nuna masa don ya riƙe.

Idan ka duba abin da ka tara, za ka ga daga wuri uku ya fito: kunne, titi, da waya.

Mataki na biyu: kama kunnenka da laifi

Nan ne aikin yake da yawa. Hausa ba ta raba p da f. Harafi ɗaya ne a wurinmu, wani ya furta shi haka, wani haka, ma'ana ba ta canzawa. A Turanci kuwa *pull* ja ne, *full* cika. *Pile* tsibi ne, *file* fayil. *Pool* tafki ne, *fool* wawa. Haka v da b: *vote* da *boat*, *van* da *ban*, *vest* da *best*. Sai th, wanda Bahaushe yake mayarwa s ko z, har *think* ta koma *sink*, *faith* ta koma *face*.

Ɗan Jos yakan ce shi wannan ba matsalarsa ba ce, ta mutanen ƙauye ce, tunda ya tashi cikin Birom da Afizere da Anaguta da Ibo da Yarbawa, bakinsa ya goge. Gaskiya ne, amma gogewar ta zo da nata kayan. A Turancin kasuwar Terminus th ba z take komawa ba, d ko t take komawa. Daga nan aka samo *in other to* a madadin *in order to*, kuskuren da ya cika takardun ofis har na manya. Daga nan *taught* da *thought* suka cakuɗe, *fate* da *faith* suka zama abu ɗaya. Wato wanda ya girma a Gangare ko Unguwar Rogo yana iya ɗauke da kurakuran gida da na maƙwabta gaba ɗaya.

Wasula sun fi ɓoyewa. Muna da biyar, kowanne da dogo da gajere, kuma ba ma nuna tsawon a rubutu. Turancin Ingila yana da wajen 20. Ga waɗanda suka fi cin mutane:

*live* zama ne ko rayuwa, *leave* barin wuri. *This* tilo, *these* jam'i. *Lose* asara ce ko ɓatarwa, *loose* abin da ya yi sako-sako. *Cause* dalili, *course* kwas, *curse* tsinuwa, don haka *of course* ake rubutawa, ba *of cause* ba. *Quiet* shiru, *quite* sosai. *Park* ajiye mota, *pack* tattara kaya: bangon da aka rubuta wa *No packing* ya hana a kwashe kaya ne, bai hana a ajiye mota ba.

*Been* da *being* suna buƙatar tasu dokar, kuma gajera ce. Bayan *have*, *has*, *had*, sai *been*. Bayan *am*, *is*, *are*, *was*, *were*, sai *being*. *I have been waiting*. *He is being treated*. Duba kalmar da ke gabanta, kada ka saurari bakinka.

Akwai kuma wutsiyar kalma. Hausa ba ta son baƙaƙe su taru ba wasali, shi ya sa muka mai da *bread* burodi, *screw* sukuru. A ƙarshen kalma kuwa sai mu datse. Sakamakon shi ne *I have finish*, *I am suppose to*, *fairly use*, *I have send it*, alhali *finished* ne, *supposed*, *used*, *sent*. Duk inda ka rubuta *have* ko *has* ko *had*, tsaya ka leƙa wutsiyar aikatau ɗin da ya biyo.

Maganin wannan rukunin shifta ce, irin ta firamare. Ka rubuta kalmomin bibbiyu a jimloli, wani ya karanta maka, ko ka naɗi muryarka a waya ka saurara washegari ka rubuta. Minti goma a rana ya fi awa biyu ranar Lahadi.

Mataki na uku: tagwayen haruffa

A Hausa idan baƙi ya ninku ana jin sa. Baba daban, babba daban. Mana daban, manna daban. Saboda haka muke sa ran jin tagwayen Turanci, su kuwa galibi ba a jin su. Aikinsu dabam ne: yawanci suna nuna cewa wasalin da ke gabansu gajere ne. Kwatanta *hoping* da *hopping*, *dining* da *dinning*, *later* da *latter*.

Idan kalma mai gaɓa ɗaya ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, ninka baƙin kafin ka ƙara *ing* ko *ed*: *stop* ta ba da *stopped*, *plan* ta ba da *planning*, *sit* ta ba da *sitting*. Idan kuwa da e marar sauti ta ƙare, jefar da e ɗin, kada ka ninka komai: *write* ta ba da *writing*, *come* ta ba da *coming*, *dine* ta ba da *dining*. Abin da ke ruɗa mutane a *writing* shi ne 'yar'uwarta *written*, mai t biyu. Saurari wasalin: dogo a ta farko, gajere a ta biyu.

A kalma mai gaɓa biyu ko fiye, duba inda murya ta fi nauyi. Idan a gaɓar ƙarshe ne, ninka: *beginning*, *occurred*, *referred*, *admitted*. Idan a farko ne, galibi bar shi: *offered*, *visited*, *benefited*.

Sauran ba doka, sai ƙirge. *Accommodation*, c biyu m biyu, kalmar da ɗaliban Jami'ar Jos ke rubutawa kowace shekara suna neman ɗaki, allunan dillalan gidaje na hanyar Bauchi kuma suna cinye mata m ɗaya. *Necessary*, c ɗaya s biyu. *Occasion*, c biyu s ɗaya. *Committee*, m biyu t biyu e biyu. *Embarrass*, r biyu s biyu, amma *harass* r ɗaya. *Professor*, f ɗaya. *Tomorrow*, m ɗaya r biyu. *Until* l ɗaya, *till* biyu. Duk sifar da ta ƙare da *ful* kuma l ɗaya gare ta: *careful*, *beautiful*, *grateful*. Wannan ta ƙarshen ba ruwanta da *great*.

Mataki na huɗu: farke kalmar gida-gida

Doguwar kalma yawanci saiwa ce da ɗafa-goshi ko ɗafa-ƙeya. Raba su, rabin wahalar ta tafi. *Dis* da *appoint* sun ba da *disappoint*, s ɗaya p biyu. *Mis* da *spell* sun ba da *misspell*. *Un* da *necessary*, n biyu. *Real* da *ly*, *really*. *Govern* da *ment*, ga n ɗin da ake mantawa a *government*. Haka *environ* da *ment*.

Sai dai wasu saiwoyin suna zubar da harafi idan suka tsawaita, kuma nan masu ilimi suka fi faɗawa, don hankali ne yake ja su. *Pronounce* amma *pronunciation*. *Maintain* amma *maintenance*. *Sustain* amma *sustenance*. *Four* amma *forty*. *Nine* amma *ninth*. *True* amma *truly*. *Argue* amma *argument*. *Interpret* ba ta da e a ƙarshe, *expatiate* ba ta da n a tsakiya, *privilege* ba ta da d. *Strength* da *length* da th suke ƙarewa.

Kan *ie* da *ei*, idan sautin doguwar i ne, to bayan c *ei* ake sawa: *receive*, *receipt*, *deceive*, *ceiling*. In ba c, *ie*: *believe*, *chief*, *niece*. *Seize* da *weird* sun bijire.

Kalmomin aronmu wani lokaci suna taimako. Fabrairu ta riƙe r ɗin da ake yarwa a *February*, laburare ta riƙe r biyun *library*. Wani lokaci kuma su kai ka su baro: sakatare ta haɗiye r ta farko a *secretary*, kuma wanda zai rubuta wasiƙa zuwa barikin Rukuba kada ya dogara da kanar da laftanar da saja, *colonel* ne da *lieutenant* da *sergeant*.

Mataki na biyar: zaɓi gida ɗaya, Ingila ko Amurka

Ba duk bambanci ne kuskure ba. Noah Webster, wanda babban ƙamusunsa ya fito a Amurka a 1828, shi ya yaɗa *color* da *center* da *defense*, Ingila kuwa ta tsaya kan *colour* da *centre* da *defence*. Haka *cheque* da *check*, *tyre* da *tire*, *travelled* da *traveled*, *programme* da *program*, *fulfil* da *fulfill*. Na farko a kowane biyu na Ingila ne.

Najeriya na Ingila ta gada. Ma'aikatar tsaro *Ministry of Defence* take rubutawa, ƙungiyar ƙwadago *Nigeria Labour Congress*. Shawarata ka bi wannan, sai fa in takardar Amurka za ta. Jarrabawar IELTS, ta gwada iya Turanci, tana karɓar kowanne. Abin da ke nuna sakaci shi ne cakuɗawa, *colour* a layin farko, *center* a na uku. A tsarin Ingila ka riƙe wannan ma: c ta suna ce, s ta aikatau. *Advice* shawara, *advise* ba da shawara. Haka *practice* da *practise*, *licence* da *license*. *Organise* da *organize* kuwa duka sun halatta a Ingila, kada wani ya tsorata ka.

Mataki na shida: abin da titi ya koya maka

Ido yana koyo ko ba a sa shi ba. Allon mai faci yana cewa *guage* kullum safiya har ka manta *gauge* ce. Gidan gado an rubuta masa *not for sell* da jan fenti, maimakon *sale*. Mai aski ya kira shagonsa *saloon*, alhali *salon* ne. *Saloon* ƙaramar mota ce ko mashaya. Mai sayar da biro da littattafai ya rubuta *stationary*, wato abin da ya tsaya cik, yana nufin *stationery*.

Irin hirar da za ka ji a shagon buga takardu kusa da sakatariya ke nan, dattijo ya miƙo wasiƙar neman haƙƙinsa na fansho da ya rubuta da hannu:

"Baba, nan kun sa *Your's fatefully*. In buga haka ko in gyara?"

"Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake rufe wasiƙa da wannan."

"Allah ya ba ku haƙuri, Baba. *Yours faithfully* ne, kuma ba a sa masa 'yar alamar nan ta sama."

Dattijon ya ci sa'a. Da yawa daga masu bugawa abin da suka gani suke kwafewa, kuɗin shafi suke karɓa ba na gyara ba. Ka karanta a fuskar kwamfuta kafin a fitar.

A wannan rukunin akwai kalmomin da ake mannewa alhali biyu ne: *a lot*, *in fact*, *in spite*, *at least*, *at times*, *in front*, *as well*, *in case*. Akwai jam'in da Turanci bai yarda da shi ba, kuma Hausa ce take tura mu, tunda muna da kayayyaki da bayanai da shawarwari: *equipment*, *information*, *advice*, *furniture*, *luggage*, duk ba a sa musu s. *Congratulations* kuwa da s take. Akwai aikatau da ba sa karɓar *ed*: *split*, *hit*, *cast*, *put*. Sai *am fine* ba tare da *I* ba, wadda ta zama ruwan dare har mutane na zaton gajarta *I'm* ce.

Sannan akwai kalmomin da mu muka ƙera. Nan ina ganin malamai suna wuce gona da iri idan suka kira komai kuskure. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da *okada*, *danfo*, *next tomorrow*, *send-forth*, *barbing salon* da *Kannywood*. Shigarsu ta tabbatar da cewa harshe ne mai rai, amma an yi musu tambarin na Najeriya. A hira da labarin gida yi amfani da su hankali kwance. A takardar neman gurbin karatu a waje, rubuta *the day after tomorrow* da *farewell party*. Su kuwa *trafficate*, *insultive*, *instalmentally*, *plumpy* da *sponsorer*, bar su a baki: *indicate*, *insulting*, *in instalments*, *plump*, *sponsor*. Mai yi wa ƙasa hidima a takarda *corps member* ne, kuma a kula da *corps* ɗin, ƙarin e ɗaya ya mai da shi gawa.

Mataki na bakwai: saita na'urarka, amma kada ka miƙa mata wuya

Yawancin wayoyi da kwamfutoci da Turancin Amurka suke zuwa, shi ya sa suke ja wa *labour* jan layi. Shiga saitin harshe ka mayar da shi na Ingila. A Microsoft Word maɓallin F7 yana buɗe mai duba rubutu. A waya kuma, idan ka daɗe kana buga kalma ba daidai ba, allon rubutun ya haddace ta yana miƙo maka ita. Danna ta ka riƙe a layin shawarwari, ka goge.

Na'ura tana kama kalmar da babu ita, amma sau da yawa takan bar kalma mai kyau da ta zauna a gurbin da ba nata ba. *Principal* da *principle*, *their* da *there*, *bear with us* da *bare with us*, *form* da *from*, duk suna iya wucewa ba jan layi. Don haka duba da kanka sau biyu. Karon farko karanta da ƙarfi don ma'ana. Karo na biyu fara daga jimlar ƙarshe ka yi sama, yatsa a ƙarƙashin kowace kalma, don ƙwaƙwalwa ta daina cike maka gurbi. In da hali, bari takardar ta kwana.

Su *u* da *pls* da *dat* da *gud* ba laifi ba ne tsakanin abokai, sai dai hannu ba ya sanin ya shiga ɗakin jarrabawa. Wata guda kafin jarrabawa, koma rubuta cikakkun kalmomi ko a WhatsApp ne.

Sunanka

Kalmar da ta fi kowace jawo zirga-zirga ba ta cikin ƙamus. Muhammad, Mohammed, Muhammed, Aisha, A'isha, Aishatu, Usman, Uthman, Abdullahi, Abdullah. Duk daidai ne, amma a wurin kwamfuta mutane ne mabambanta. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN wajen rajista, bankuna suna gwada sunan da ke BVN da na katin shaida, ofishin fasfo ma haka. Harafi ɗaya ya saɓa, sai takardar rantsuwa a kotu da layin gyaran bayanai.

Baza takardunka a tabarma: ta haihuwa, ta firamare, sakamakon WAEC ko NECO, NIN, BVN. Duba harafi-harafi, da kuma jerin sunayen, wanne ne farko, wanne ne na mahaifi. Ɗauki rubutun da ke kan takardar da ta fi wuyar canzawa, galibi sakamakon jarrabawa, ka daidaita sauran da shi. Iyaye kuma su rubuta sunan yaro da manyan haruffa a 'yar takarda su miƙa wa malamin rajista, kada su faɗa masa da baki ya rubuta yadda ya ji.